Ƙarfe da Salsala: Sharhi a kan Kimanta Tsofaffin Bindigogin Libarba

Tara tsofaffin bindigogin libarba sana'a ce mai ƙa'idoji a Amurka da Turai, tana da dillalanta da littattafanta da gidajen gwanjonta. Wannan maƙala za ta duba ma'auni biyu da ake yanke wa libarba daraja da su, domin a ga wanda ya kafu da wanda ke da rauni.

Ma'auni na farko shi ne na jikin bindigar. Littafin da Norm Flayderman ya fitar a 1977 a kan tsofaffin bindigogin Amurka da darajarsu, wanda aka yi wa bugu na tara a 2007, shi ne madogarar masu wannan harka. Yana bin matakai tun daga bindigar da take kamar yau ta fito daga masana'anta har zuwa wadda ta lalace. Mai kimantawa zai duba yawan abin da ya saura na launin asali a jikin ƙarfen, da ko lambobin da aka buga a sassan bindigar sun dace da juna, da ko an sauya wani sashe. Abin da zai ba baƙo mamaki shi ne, goge tsohuwar libarba har ta yi ƙyalli rage mata kuɗi yake yi, don kuwa an kankare shaidar shekarunta. Sai kuma ƙarancin irinta. Libarbar Colt Walker ta 1847 guda 1,100 kacal aka ƙera, shi ya sa a 2018 aka sayar da ɗaya a kan dala miliyan 1.84. Kyawun wannan ma'auni shi ne kowa na iya jarraba shi: ga ƙarfe, ga ido.

Ma'auni na biyu shi ne salsala, wato hannuwan da bindigar ta bi da abin da aka aikata da ita. Nan ne kuɗi ke tashin gwauron zabi, nan ne kuma ƙa'ida ke sassautawa. Libarbar Colt da Pat Garrett ya harbe Billy the Kid da ita a 1881 ta haura dala miliyan 6 a gwanjon Bonhams na 2021. Ƙarfen bai kai ko kusa da haka ba. Labarin aka saya.

Misalai biyu daga Faransa sun isa su nuna inda gizo ke saƙa, domin dukansu ƙananan libarba ne samfurin Lefaucheux, irin waɗanda aka ƙera da yawa a ƙarni na 19, ba su kuma da wata tsada. Ta farko ita ce wadda mawaƙi Paul Verlaine ya harbi abokinsa Arthur Rimbaud da ita a wuyan hannu a birnin Brussels a 1873. An yi shari'a, an ɗaure Verlaine, bindigar ta koma shagon da ya saye ta, ta zauna can har 1981. Gidan Christie's ya sayar da ita a Paris a 2016 a kan yuro 434,500. Ana iya ƙyamar cinikin, amma salsalar tana da takardu da za a bi.

Ta biyu ita ce wadda ake cewa mai zane Vincent van Gogh ya harbi kansa da ita a 1890. Wani manomi ne ya tsince ta a gona a Auvers-sur-Oise, kimanin shekara saba'in bayan rasuwar, tsatsa ta cinye ta. A ma'aunin farko ba ta da wata daraja. Hujjojin da aka kawo su ne wurin da aka same ta, da girman harsashinta, da alamar daɗewa a ƙasa. Waɗannan sun nuna abin zai yiwu, ba su tabbatar da shi ba. Bugu da ƙari, a 2011 marubuta tarihinsa, Steven Naifeh da Gregory White Smith, sun kawo ra'ayin cewa wasu samari ne suka harbe shi. Duk da haka an sayar da ita a Paris a 2019 a kan yuro 162,500.

Illar irin wannan ciniki ta wuce aljihun mai saye. Da zarar an biya kuɗi mai yawa, sai farashin kansa ya zama tamkar hujja, gobe a rubuta zato a matsayin tarihi. Gidan gwanjo kuwa yana samun kamasho gwargwadon tsadar kaya, saboda haka bai dace ya zama shi ne alƙalin labarin da yake tallatawa ba.

Daga ƙarshe, masu wannan sana'a sun cancanci yabo a kan tsantsenin da suke yi wajen duba ƙarfe. Abin da ya rage musu shi ne su kafa wa salsala matakai kamar yadda suka kafa wa jikin bindiga: wadda takarda ta tabbatar, da wadda shaidu suka ruwaito, da wadda zato ne kawai. Mai ƙirga launin da ya saura a bututun bindiga bai kamata ya karɓi labarinta ba tare da awo ba.