Zango Ɗaya a Ajin Ingilishi na Makarantar Midil ta Amurka: Tarken Littafin Nancie Atwell

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Amurka, makarantar midil ita ce matakin da ke tsakanin firamare da babbar sakandare, galibi daga aji na 6 zuwa na 8, inda shekarun ɗalibai kan kama daga 11 zuwa 14. Darasin Ingilishi a wannan mataki ya tattara karatu da rubutu da magana da saurare da nahawu a inuwa ɗaya. Yana da kyau a lura tun da farko cewa Ingilishi shi ne harshen gida ga mafi yawan waɗannan yara. Saboda haka darasin ya fi kusa da koyar da Hausa ga ɗan Bahaushe bisa ga koyar da Ingilishi a makarantun Nijeriya.

Manufar wannan maƙala ita ce yin tarken littafin In the Middle na Nancie Atwell, wanda aka fara bugawa a 1987, tare da auna shi da ma'auni guda: me zai iya samarwa a cikin zangon karatu ɗaya?

2.0 Ƙarancin Lokaci

Shekarar karatu a Amurka kwana 180 ce ko kusa da haka, kuma makarantu da yawa kan raba ta gida biyu. Ke nan zango ɗaya mako 18 ne, wato darasi 90. Idan kowane darasi minti 50 ne, abin da malami ya mallaka bai wuce awa 75 ba, tun kafin a cire ranakun jarrabawa. A cikin wannan ɗan lokaci ake so yaro ya karanta adabi, ya iya insha'i, ya kuma gyara ƙa'idojin rubutunsa. Duk wata dabarar koyarwa, a ƙarshe, hukunci ce a kan yadda za a kashe waɗannan awoyi.

3.0 Abin da Littafin ya Ƙunsa

Atwell ta rubuta littafin ne daga abin da ta gani tana koyar da 'yan aji 8 a garin Boothbay Harbor na Jihar Maine. Ta yi watsi da tsohon tsari inda malami ke zaɓen littafi da batun insha'i, ɗalibi kuwa ya cika umarni. A madadinsa ta mayar da aji tamkar rumfar masu sana'a, inda ake koyo ta hanyar kama aiki. Ginshiƙan tsarin uku ne: a ba yaro lokaci, a bar masa zaɓi, a kuma mayar masa da martani a kan aikinsa.

Darasi kan fara da gajeren bayani na 'yan mintoci a kan abu ɗaya tak, misali yadda ake buɗe labari ko inda ake sa waƙafi. Daga nan kowa ya duƙufa a kan rubutunsa ko littafin da ya zaɓa, malama tana zagawa tana ganawa da su ɗai-ɗai. Haka kuma ɗalibai kan rubuta mata wasiƙu game da abin da suke karantawa, ita ma ta ba su amsa a rubuce.

4.0 Tarke

Babban abin yabo ga littafin shi ne gaskiyar da ya faɗa game da lokaci. A azuzuwa da yawa akan cinye darasi wajen magana a kan karatu, amma karatun kansa a tura shi gida, inda ba lalle a yi shi ba. Atwell ta dawo da shi tsakiyar aji. Yaron da ya shafe rabin kowane darasi yana karatu zai fita zango da awoyi fiye da 30 na karatu a hannu, kuma yau da gobe ita ke kawo iyawa. Muhimmancin wannan ya ƙara fitowa bayan dokar ilimi ta 2002, wadda ta wajabta jarrabawar karatu kowace shekara daga aji 3 zuwa 8. Tun daga lokacin masu sukar tsarin ke kukan cewa gutsattsarin nassi da tambayoyin auna fahimta sun ture cikakken littafi gefe.

Sai dai akwai rauni ta fuska uku. Na farko, zaɓi ba ya haifar da sanin da yaro bai zo da shi ba. A 1988 Donna Recht da Lauren Leslie sun gwada ɗalibai 64 na wannan mataki da wani nassi a kan wasan besbol. Sun gano cewa masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatu da ba su san shi ba fahimtar nassin. Ma'anar wannan ita ce fahimta tana tafiya ne a kan sani. Yaron da aka sakar wa linzami yakan koma ga abin da ya riga ya sani, don haka wanda ya zo da guzuri daga gida ya ƙaru, wanda ya zo hannu rabbana ya tsaya inda yake. Kwamitin ƙasa kan karatu, a rahotonsa na 2000, shi ma bai sami isasshiyar hujjar da ke nuna cewa karatun zuci a aji shi kaɗai yana ɗaga ƙwazo ba, ko da yake bai ce ba shi da amfani ba.

Na biyu, idan yara 25 suna karanta littattafai 25, muhawara a kan jigo da salo da halayen taurari takan yi wuya. Ajin da ya karanta The Outsiders na S. E. Hinton tare, ko Roll of Thunder, Hear My Cry na Mildred Taylor, yana da abin da zai yi gardama a kansa, kowa ya kawo hujja daga shafi ɗaya. A irin wannan gardama ce ake koyon tarke.

Na uku, tsarin yana bukatar aji mara cunkoso da kantoci cike da littattafai. Makarantar da Atwell ta kafa a Edgecomb a 1990 ƙarama ce mai zaman kanta. Malamin gwamnati mai ɗalibai sama da 100 a rana ba zai iya amsa wasiƙar kowa yadda ta kamata ba.

Adalci ne a ambaci cewa marubuciyar da kanta ta yi gyara. A bugu na biyu na 1998 ta ƙara wa malami matsayi, ta amince cewa dole ya koyar kai tsaye, ya nuna misali, ya kuma sa baki a aikin ɗalibi.

5.0 Kammalawa

Lambar yabon malamai ta duniya da Atwell ta samu a 2015, mai darajar dala miliyan 1, shaida ce ta tasirinta, amma ba ta warware matsalar mako 18 ba. Abin da wannan tarke ya nuna shi ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Zangon da ya dace zai ware makonni na littafi ɗaya da aji duka zai nazarta ƙarƙashin jagorancin malami, sannan ya tsare wani yanki na kowace rana domin karatun zaɓi da rubutu. Malamin da ya ɗauki littafin Atwell a matsayin gargaɗi kan ɓarnar lokaci zai amfana ƙwarai. Wanda kuwa ya ɗauke shi manhaja sukutum, yaran da suka fi bukatar jagora su ne za su biya kuɗin kuskurensa.