Farar Shadda, Baƙar Fuska: Nazarin Gyaran Hoto a Hannun 'Yan Sha'awa

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton baƙin mutum sanye da farar shadda da rana tsaka ya san inda wahalar gyaran hoto ta faro a ƙasar Hausa. Ido yana ganin komai lokaci guda: ƙyallin shaddar, aikin da ke wuyan rigar, da fuskar mai ita har da gumin da ya tsattsafo a goshi. Kyamara ba ta da wannan baiwa. In ta bi fuskar, rigar ta ƙone ta koma farin fili, babu zare babu aiki. In ta bi rigar, fuskar ta nutse cikin duhu, sai haƙora da fararen idanu.

Wannan jarrabawa tana jiran kowane ɗan koyo, kuma 'yan koyon sun yawaita. Masu hoton biki, da manyan kyamarorinsu da fitilu masu lema, sana'a suke yi, lissafinsu daban. Waɗanda nake magana a kansu su ne malamin makaranta, da ɗalibar jami'a, da tela, da ma'aikacin asibiti, masu ɗaukar abin da ya burge su da waya, bayan isha'i kuma su kishingiɗa su buɗe Snapseed ko Lightroom ko PicsArt suna ja suna saki. Sha'awa ce kurum, ta shiga sahun kiwon tantabara da ɗinkin hula da gwada sabon girki. Sai dai akwai inda ta bambanta da su. Mai kiwon tantabara yana da dattijon da zai duba fiffike ya faɗa masa irin tsuntsun. Mai koyon ɗinkin hula yana da gwani a unguwa wanda zai ce masa ya warware ya sake. Shi kuwa mai koyon gyaran hoto, yawanci malaminsa bidiyon YouTube ne da aka ɗauka a ƙasar da ranarta ba ta kai tamu zafi ba, ana gwada darasin a kan fatar da ba irin tamu ba. A ganina, mafi yawan ɓarnar da ake gani a hotunanmu daga nan ta samo asali.

Kafin a yi wa 'yan zamani hukunci, ya kamata a tuna cewa hoton mutum a Afirka ta Yamma bai taɓa zama shaidar kotu ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da tabarau, har da babur, domin mai zuwa hoto ya ara ya fito kamar nasa ne. Solomon Osagie Alonge, mai hoton fadar Oba na Benin, da hannu yake shafa wa wasu hotunansa launi. A Gana, Philip Kwame Apagya ya yi suna da labulayen da aka zana wa firji cike da kayan daɗi da talabijin da jirgin sama. Garuruwanmu ma haka abin yake: labule mai zanen bene, furen roba a hannu, wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba, mutum ya kara ta a kunne yana murmushi. Masu wanke hoto na da har fensir suke bi da shi a kan fim su ɓoye ƙuraje. Wato dai mutum ya daɗe yana zuwa wurin mai hoto da burinsa, ba da kamanninsa kaɗai ba.

Abin lura shi ne, wancan gyaran yawancinsa a gaban kyamara ake yin sa, a bainar jama'a. Mai hoton ya san rediyon aro ce, wanda aka ɗauka ya sani, surukar da aka kai wa hoton ma ta sani, domin ta ga rediyon a hoton maƙwabta. Fuska kuwa ana barin ta yadda take, ko kusa da haka. Yanzu abin ya juya. Photoshop ya fito kasuwa a 1990, ya daɗe a hannun ƙwararru masu kwamfuta. Instagram ya zo a 2010 da filtocinsa, Snapseed a 2011, gyaran ya sauko cikin aljihun kowa. Kayan aro sun ragu, hannu ya koma kan fuskar kanta.

Mu koma ga mai farar shadda, domin a nan ake gane wanda ya fara fahimtar aikin. Ɗan koyo da ya ga fuska ta yi duhu, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya ja ma'aunin haske gaba ɗaya. Fuskar ta fito, amma rigar ta tafi, sararin sama ya tafi, fuskar ma ta yi toka-toka kamar an barbaɗa mata gari. Dalilin yana cikin yadda waya ke ajiye hoto. Hoton JPEG matakan haske 256 kacal yake riƙewa a kowane launi, kuma duk wurin da ya kai ƙololuwar fari, bayanin da ke cikinsa ya ɓace, babu manhajar da za ta dawo da zaren da ba a ɗauka ba. Duhu ya fi haƙuri: ana iya ɗaga shi a ciro abin da ke ciki, ko da zai zo da ɗan ƙura-ƙura. Saboda haka gyaran wannan hoto tun kafin a danna yake farawa. A taɓa rigar a fuskar waya, a rage haske har aikin wuya ya bayyana, a ɗauka. Daga baya a ɗaga inuwa ita kaɗai, ko a yi amfani da burushin manhaja a shafa haske a fuska kawai. Wayoyin da ke iya ajiye hoto ɗanye, wanda ake kira RAW, suna riƙe matakai 4,096 ko fiye a wasu na'urorin, abin da ke ba mai gyara sarari mai faɗi. Mafi arha daga duk wannan kuwa shi ne a ce wa mutumin, "Alhaji, ɗan matso ƙarƙashin darbejiyar nan," ko a jira bayan la'asar. Na ga hotunan da aka ɗauka a bakin zaure, haske na shigowa ta gefe guda, waɗanda ba su buƙaci komai ba sai ɗan yanke gefe.

Gazawar kyamara a kan baƙar fata tana da tarihi. A shekarun 1950 kamfanin Kodak ya fara raba wa masu wanke hoto wani kati mai hoton Baturiya, wanda aka sani da katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin. Idan fatarta ta fito daidai, an ɗauka injin ya yi daidai. Sai a shekarun 1990 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Kamfanin Transsion na Shenzhen a ƙasar Sin, mai yin Tecno da Infinix da itel, ya gane wannan giɓi, ya tsara kyamarorinsa su iya da baƙar fata, kuma hakan na cikin abin da ya ba shi kasuwar Afirka. Google ma ya bi sahu a 2021 da tsarin Real Tone a wayar Pixel 6. To amma fito da baƙar fuska sarai daban, haska ta daban, kuma wayoyi da yawa suna zuwa da gyaran kwalliya a kunne tun daga kwali, suna goge fata suna ƙara mata fari kafin mai wayar ya ce uffan. Ɗan koyo da bai kashe wannan ba, yana gyara hoton da an riga an gyara ne bai sani ba.

A nan sha'anin ya fita daga na na'ura ya shigo gida. "Don Allah ka ɗan haska ni" magana ce da duk mai riƙe da waya ya ji daga ƙanwa ko ƙawa ko abokin aiki, maza ma ba a bar su a baya ba. Al'ummar da ke da kasuwar man bilicin ba za ta rasa son filtar da ke yin aikin man a daƙiƙa ɗaya ba tare da ƙona fata ba. Ana iya cewa filta ta fi sauƙin illa, kuma gaskiya ne. Amma tana koya wa ido wani abu. Yarinya wankan tarwaɗa da ta saba ganin kanta fara sol a waya, madubi zai fara ba ta haushi. Ga kuma abin dariyar da ke tona asiri: fuska ta yi fari, wuya da bayan hannu suna nan yadda Allah ya yi su, jan lalle ya koma ruwan lemo, ƙofar da ke bayan mutum ta lanƙwashe saboda an matse ƙugu.

Abin da ya fi damuna shi ne goge fata, musamman a tsofaffin hotuna. Manhajoji irin su Remini sun samu karɓuwa sosai wurin masu son raya hoton kaka da ya dushe, kuma niyyar mai kyau ce. Amma manhajar ba tono abin da ya ɓace take yi ba. Ƙiyasi take yi daga ɗimbin fuskokin da aka horar da ita a kansu, ta cike gurbin da abin da ta ga ya fi kama. Tsagar gado a wurinta tabo ne ko karcewar takarda. Sai ka ga tsohuwa Bagobira ko Babarbariya ta fito da kumatu sumul, bille ya ɓace, 'yan baka sun ɓace, idanun ma sun zama na wata. Jikoki su yi ta yaɗa hoton suna yi mata addu'a. Ga shi kuwa yanzu an daina yi wa yara tsaga a yawancin gidaje, kuma dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta hana. Waɗannan hotunan na cikin 'yan wuraren da tsarin askar kowace zuriya ya rage a adane.

Yanayin ƙasa ma yana shan irin wannan gyara. Hazon hunturu, wanda kaso mai yawa na ƙurarsa ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi, yana mayar da rana farin faifai, ya dusashe nesa, ya sa Dutsen Dala ya zama inuwa. A 2015 Lightroom ya ƙaro maɓallin share hazo, 'yan koyo suka same shi kamar an ba su kyauta. Ja ɗaya, sama ta zama shuɗiya, Kano a watan Janairu ta koma wani gari da ba a taɓa gani ba. Haka hotunan hawan sallah. Hawan Kano ya shiga jerin al'adun gado na UNESCO a Disambar 2024, kuma kowace shekara ɗaruruwan matasa na ɗaukarsa da waya. Ƙurar da kofatan dawaki ke tayarwa lokacin jafi ita ce rabin kyan abin, ita ke nuna gudu da yawan mahaya, ita ke tace hasken yamma ya sauka a kan rawani da alkyabba a tausashe. Mai gyara ya share ta, ya ƙure launi har jan kayan dogarai ya fara ciwon ido. A marinar Ƙofar Mata kuma, shuɗin baba mai zurfi da ke kusa da baƙi yakan fito a hotuna kamar ledar shago.

Ina iyakar take? 'Yan jarida sun shata tasu da tsauri. A 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da mai ɗaukar hoto Narciso Contreras saboda ya goge kyamarar abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. A gasar World Press Photo ta 2015 an kori kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Ɗan sha'awa ba a ɗaure shi da wannan ba. In ya ga dama ya cire turken lantarki daga bayan masallaci, babu wanda ya cuta. Inda abin ke zama haƙƙi shi ne wurin da wani zai yanke shawara a kan hoton. Matan da suka mayar da sha'awar girki ko ɗinki ƙaramar sana'a a WhatsApp sun san wannan: a ƙara wa atamfa launi, mai saye ta turo kuɗi, kaya su iso, rigima ta tashi. Hoton da ake tura wa mai neman aure ma yana cikin wannan babi.

Ƙwararren mai hoton biki yana da uzuri. Amarya ta biya, uwar amarya ta ce a haska, in ya ƙi gobe wani za a kira. Ɗan sha'awa ba shi da mai biya, babu wanda zai ƙwace masa aiki, shi ne kaɗai ke da 'yancin barin fuskar mai shayi da launinta, ya bar hazo a inda yake. Abin takaici, da wannan 'yancin yake zuwa ya kwaikwayi salon hoton kafin aure, har a kan hoton akuya.

Akwai kuma batun ajiya, wanda ba a cika koyarwa ba. Waya ta cika, sai a goge na asali a bar gyararren, shi ma a tura ta WhatsApp ya matse shi ya rage masa inganci, sai fa in an aika shi a matsayin fayil. Keïta ya adana dubban fina-finan hotunansa shekara da shekaru bayan ya rufe shago. A 1991 aka nuna wasu hotunansa a New York ba tare da sunansa ba, wani mai suna André Magnin ya bi sawu har Bamako ya same shi, a 1994 aka yi masa baje koli na kansa a Paris. Daga waɗannan fina-finai aka sake wanko hotunan, manya-manya, baƙi da fari sun fi na asali kaifi, har aka yi ta muhawara a kan wanne ne ainihin aikinsa. An iya yin muhawarar ne domin fim ɗin yana nan ana iya komawa a duba. Lightroom ba ya taɓa hoton asali, Snapseed ma yana ba da damar fitar da kwafi, amma zaɓin yana ɓoye a inda ɗan koyo ba ya dubawa, kuma bidiyon da ya koya daga gare shi ya ƙare tun a wurin ƙara launi.