Alkaki da nakiya a ma'aunin baƙo

Akwai wata magana da ta zauna a bakin ƴan boko, wai abincinmu ba shi da abin da Faransawa ke kira dessert, wato ɗan abin zaƙin da ake rufe cin abinci da shi. Da wannan hujja gato da biskit na kanti suke ta ture alkaki da nakiya daga faifan Sallah a birane, kuma yayin yana hawowa arewa sannu a hankali. A ganina wannan hukunci ya zo da kuskure tun daga tushe, domin an auna kayanmu da mudun da ba nasu ba.

Dessert ɗan teburi ne: nan ake kawo shi, nan ake cinye shi. Kayan zaƙinmu kuwa an yi su ne don tafiya. A dubi alkaki. Ana barza alkama, a murza ta da mai, a kwaɓa, a bar ta ta kwana ta yi tsami, a naɗa, a toya har ta bushe ƙayau, sannan a tsoma a zuma ko a dafaffen sukari. Nakiya kuma, garin shinkafa ake soyawa, a kirɓa shi a turmi da zuma da man shanu da kayan yaji irin su citta da kanumfari da masoro. Kowane mataki yana korar ruwa ne daga abin, shi ya sa nakiya take yin watanni ba ta lalace ba. Wadda ta ƙago wannan dabara ta san zafin ƙasarta, ta kuma san cewa zumunci a ƙafa yake: yara ne za su ɗauki kwano gida gida ranar Sallah, kuma da irin waɗannan kaya ake haɗa garar amarya. Gato mai kirim ba zai kai la'asar ba a ranar Tanut.

Damargu tana da nata abin da ya fi wannan bayyana tarihi. Ƙasar gero ce, kuma ta nan ayari ke ratsawa tsakanin Kano da Damagaram da Agadas. Abin da Abzinawa ke kira egajira, wanda ake sha a bukukuwa, gero ne da cuku da dabino ake dakawa tare, a dama da ruwa. Geron na manomi ne, cukun na makiyayi, dabinon kuma daga lambunan Abzin ko Kawar. A wuri irin Tenhiya, inda makiyayi ke sayen hatsin manomi, manomi ke jiran nonon makiyayi, ƙwarya ɗaya ta ishi mai hankali ya karanta yadda zaman tare ya ginu.

Wani misali daga nesa zai taimaka, musamman ga masu koyar da Faransanci. A jihar Luwiziyana ta Amurka akwai mutanen da ake kira Kajun, jikokin masu jin Faransanci da Ingilishi suka kora daga Akadiya, a gabashin Kanada ta yau, tun daga 1755. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya mai da Ingilishi harshen koyarwa, har aka riƙa horon yara in sun yi Faransanci a makaranta. Sai a 1968 aka kafa hukumar CODOFIL don farfaɗo da harshen. Amma duk tsawon wannan lokaci madafa ba ta saki sunayenta ba. Iyalai sun ci gaba da yin tarte à la bouillie, mai cikin madara da ƙwai da sukari, da gâteau de sirop na ruwan rake, a ranakun bukukuwansu. Jikan da ba ya iya haɗa jimla ɗaya da harshen kakarsa ya san sunan abin da take gasawa. Harshen da aka kora daga aji ya sami mafaka a bakin murhu.

Masu barin alkaki suna da uzurinsu, kuma bai kamata a rena shi ba. Aikin yana cin kwana biyu ko uku, kuma a wuyan mata kaɗai yake. Alkama da sukari da mai duk saye ake yi, a yankin da ya sha farin 1973 da na 1984 da ƙarancin abincin 2005. Gara ma ta zama gasar da ke jefa iyaye cikin bashi. Waɗannan gaskiya ne. Sai dai maganinsu shi ne a rage yawa, a raba aiki, a daina fariya. Wanda ya maye gurbin nakiya da kwalin biskit bai sauke nauyin kuɗi ba, ya dai sauya wanda zai biya.

Asarar da ta fi girma ta kalmomi ce. Surfe, barza, kirɓi, tankaɗe, murza, naɗi: kowace tana nufin wani motsi na hannu da babu wata da za ta tsaya a madadinta. Ranar da aka daina aikin, kalmar za ta koma ƙamus ta kwanta. Kundin da aka ƙaddamar a Nijar a 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa, amma doka ba ta koya wa yarinya bambancin daka da kirɓi.

Ƙungiyoyinmu na al'adu sun ba kokowa da kiɗa da tufafi haƙƙinsu, sun bar madafa a baya, wataƙila don aikin mata ne. Gyaran ba shi da tsada. Malami ya sa kowane ɗalibi ya zauna gaban kakarsa ko gwaggonsa kafin Sallah, ya rubuta yadda take haɗa abu ɗaya, da kalmominta, da Hausa ko Tamajak ko Fulatanci ko Barbarci, sannan a gwada fassara shi da Faransanci a aji. Duk inda fassarar ta cije, nan ne darasin ranar yake.