Ihu Bayan Hari a Cooperstown

Na san yawancinmu da ke karatu a Amurka ba ruwanmu da besbol, a bar mu da ƙwallon ƙafa. Ni ma ba wasan ne ya ja hankalina ba. Labarin wani dattijo ne, Buck O'Neil, da abin da masu zaɓen gwaraza suka yi masa.

A garin Cooperstown na jihar New York ne zauren karrama gwarazan wasan yake, an buɗe shi a 1939. Ɗan wasan da ya cika shekara 5 da yin ritaya, marubuta labarin wasanni ke kaɗa masa ƙuri'a, kuma sai ya sami kashi 75 cikin 100. Wanda suka tsallake, da kuma 'yan zamanin da, sai ta hannun wani ƙaramin kwamiti. To, da kwamitin nan nake da ja.

Kafin Jackie Robinson ya karya shingen wariya a 1947, baƙaƙen Amurka gasarsu daban suke yi. A can O'Neil ya yi wasa, ya kuma horar da Kansas City Monarchs. A 1962 ya zama baƙi na farko da ya sami kujerar koci a babbar gasa, tare da Chicago Cubs. Yana cikin waɗanda suka kafa gidan tarihin gasar baƙaƙe a Kansas City a 1990. Kai, ya ma shafe shekaru a cikin kwamitin tsofaffin 'yan wasa yana yi wa sa'o'insa da aka manta da su yaƙi.

A 2006 aka naɗa kwamiti na musamman mai mutum 12 don duba 'yan wancan zamani. Suka zaɓi 17, har da Effa Manley, mace ta farko da ta shiga zauren. Duk 17 ɗin sun riga mu gidan gaskiya. Biyun da ke raye a jerin, O'Neil da Minnie Miñoso, aka ce ba su kai ba. Duk da haka dattijon ya je Cooperstown a watan Yuli, ya yi jawabin karrama waɗanda aka zaɓa, fuskarsa a sake. Ya rasu a watan Oktoba yana da shekara 94.

Masu kāre kwamitin sun ce alƙaluma suka bi, kuma O'Neil ƙwararre ne amma bai kai su Josh Gibson da Satchel Paige ba. Ban musa ba. Sai dai wasanni da yawa na baƙaƙe ba a rubuta sakamakonsu ba, jaridun Turawa ba su kula ba. Yaya za ka auna mutum da mudun da aka fasa? Kuma ai zauren ba na 'yan wasa kaɗai ba ne, da masu horarwa da shugabanni a ciki. In ba a ƙi mutum ba, da ƙofar da za a shigar da shi.

Abin haushi kuma, ƙofar nan ba ga kowa take da tsauri ba. A farkon shekarun 1970, lokacin da Frankie Frisch ke da ta cewa a kwamitin, tsofaffin abokan wasansa irin su Jesse Haines da George Kelly suka shige salin-alin. Hanya dai, kamar ko'ina.

A Disamba 2021 wani kwamiti mai mutum 16 ya ba O'Neil ƙuri'a 13, alhali 12 ake buƙata. Alƙalumansa ba su ƙaru a kabari ba. A ranar aka zaɓi Miñoso, wanda ya rasu tun 2015. Ron Santo ya mutu a Disamba 2010, aka zaɓe shi a Disamba 2011. Dick Allen kuwa ƙuri'a ɗaya tak ta kayar da shi a 2014, ya rasu a 2020, ƙuri'a ɗaya ta sake kayar da shi a 2021, sai a 2024 aka ce ya cancanta.