Baristan da Ba Ya Zaɓen Kotu

Wanda yake son sanin irin aikin lauya a Kano, ya leƙa bayan motarsa da safiyar Litinin. Zai tarar da baƙar riga a rataye, da hular gashi a cikin gwangwaninta, da kundin Penal Code wanda gefensa ya yi baƙi don yawan buɗawa, sannan a ƙarƙashin tarin fayil ga Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim. Da ƙarfe tara yana kotun majistare a Nomansland yana neman belin wani yaro da aka kama da wayar sata. A can kwat kawai ake sawa. Kafin sha ɗaya ya isa Babbar Kotun Jiha a sakatariyar Audu Baƙo, ya ɗora hula ya zura riga, yana jayayya a kan fili. Bayan azahar ga shi a kotun shari'ar Musulunci ta Ƙofar Kudu, ya koma Hausa zalla, yana cewa "Allah ya gafarta Malam" a shari'ar khul'i. Da yamma kuma ya zauna a ofis yana rubuta yarjejeniyar haya. Mutum ɗaya ne, kuma duk inda ya shiga sunansa Barista.

Sunan ma aro ne, kuma ya canza ma'ana a hanya. A Ingila aikin lauya kashi biyu ne. Akwai solisita, wanda mai matsala yake fara zuwa wurinsa, shi ke rubuce-rubuce da shirya takardu. Akwai kuma barista, gwanin tsayuwa gaban alƙali, wanda ɗaya daga cikin tsofaffin zaurukan lauyoyi huɗu na Landan yake rantsarwa, wato Lincoln's Inn da Gray's Inn da Inner Temple da Middle Temple. A can yawancin baristoci kowa da fagen da aka san shi da shi, wani laifuka, wani haraji, wani rikicin iyali. A farko Nijeriya ba ta da yawan lauyoyin da za a yi wannan rabo, don haka tun zamanin mulkin mallaka aka haɗe ayyukan biyu a wuyan mutum ɗaya. Christopher Sapara Williams, ɗan Nijeriya na farko da aka rantsar a Ingila a 1879, da ya dawo Legas duka biyun ya riƙa yi. Har yau wanda ya gama Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ta fara aiki a Legas a 1963 da ɗalibai takwas, ana rubuta sunansa ne a Kotun Ƙoli a matsayin barista kuma solisita. Takardarsa ba ta ce ga fagen da ya iya ba. Yaron da ya fito daga reshen makarantar na Bagauda jiya, doka ta ba shi damar ya tsaya a Kotun Ƙoli gobe.

Manyan da aka gina sunan sana'ar a kansu ma haka suka yi aiki. Rotimi Williams, ɗaya daga cikin mutum biyu na farko da aka ba lambar SAN a 1975, ya yi shari'ar kasuwanci da ta filaye da ta tsarin mulki, kuma shi ya shugabanci kwamitin da ya tsara daftarin tsarin mulkin 1979. Gani Fawehinmi ya kare ɗalibai da 'yan jarida da ma'aikata, ya yi ta maka gwamnatocin soja a kotu, sannan ya riƙa buga rahoton hukunce-hukuncen manyan kotuna mako-mako. Ba wanda ya taɓa tambayarsu wane fage suka ƙware a kai.

Amma Arewa tana da nata dalili da ya wuce gadon Turawa, kuma a nan batun ya fi daɗin bincike. A nan rigima ɗaya ba ta zama a kotu ɗaya.

Mu ƙaddara wani attajiri ya rasu a Kano, ya bar mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, da gida a Nasarawa mai takardar mallaka ta gwamna, da shago a Kantin Kwari, da kamfanin da suka yi wa rajista shi da ƙaninsa. Rabon gadon na kotun shari'ar Musulunci ne: a fitar da bashi da wasiyya, matan su raba tumuni a tsakaninsu, sauran na 'ya'ya. Sai wani ya fito da takarda ya ce marigayin ya sayar masa da gidan kafin rasuwa. To wannan kuma ba gado ba ne, jayayya ce a kan mallakar filin da gwamna ya bayar, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta keɓe wa Babbar Kotun Jiha irin wannan. Ƙanin marigayi ya ce hannun jarin kamfanin nasa ne shi kaɗai. Wannan sai Babbar Kotun Tarayya, domin sashe na 251 na tsarin mulki ita ya ba wa sha'anin tafiyar da kamfanoni. Babban ɗa ya kwashe atamfofin shago cikin dare, 'yan'uwansa suka kai shi wurin 'yan sanda, maganar ta zama cin amana a gaban majistare. Direban kamfani da aka sallama da bashin albashin wata takwas ya nufi kotun ma'aikata. Mutuwa ɗaya, kotu biyar. Uwargidan da ke cikin takaba ba za ta ɗauki lauya biyar ba. Wanda ta sani shi ne Barista, ɗan ƙawarta, shi za ta aika a kira.

Saboda haka ni ban yarda da masu cewa kwaɗayi ne kawai yake sa lauyan Arewa karɓar kowace shari'a ba. Akwai kwaɗayin, za mu zo kansa. Amma babban abin da irin wannan lauya yake sayarwa shi ne sanin ƙofa, abin da lauyoyi suke kira hurumi. Tun hukuncin Madukolu da Nkemdilim na 1962 aka kafa cewa kotun da ba ta da hurumi, komai kyan shari'ar da ta yi, aikin banza ne. Ga misali da ya cinye gonaki da yawa. Sashe na 277 na tsarin mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci a kan aure da riƙon yara da gado da wasiyya da kyauta da waƙafi. Manomi ya yi shari'ar gona a ƙaramar kotu, bai gamsu ba, hankalinsa ya ba shi cewa tunda alƙalin Musulunci ne ya yanke, wurin Ƙadi zai ɗaukaka. Ya yi nasara a can, aka yi shekaru ana tafiya, sai a sama a ce masa tun farko ya ɓata hanya. Abin da Kotun Ƙoli ta faɗa ke nan a shari'ar Magaji da Matari a 2000. Lauyan da ya san kotunan duka zai hango wannan rami tun ranar farko. Wanda bai san komai ba sai kwangilar kamfanoni, ko bai san komai ba sai fiƙihu, zai iya jan mai ƙara su faɗa tare.

Shigar lauya kotun alƙali ma ba tsohon abu ba ne. A zamanin En'e an hana lauyoyi tsayawa a kotunan gargajiya, kuma da aka mayar da su kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960 hanin bai tashi ba. Mutum shi ke faɗin maganarsa da bakinsa, ko ya naɗa wakili. Lauyoyin Arewa ma a lokacin ba su da yawa, tunda na farkonsu, Abdulganiyu Abdulrazaq na Ilori, sai a 1955 aka rantsar da shi. Sai a shekarun 1980 manyan kotuna suka ce hanin ya saɓa wa 'yancin da tsarin mulkin 1979 ya ba kowa na ɗaukar lauya. Da Zamfara ta faɗaɗa aiki da shari'ar Musulunci zuwa laifuka a 2000, wasu jihohi suka bi, sai aka wayi gari lauyan da ya yi karatu da Turanci yana bukatar Mukhtasar Khalil a kan teburinsa. Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero sun daɗe suna koyar da dokokin biyu a haɗe, kuma ɗalibansu ne suka fi cin wannan kasuwa.

Sauya kotu ba sauya riga ba ne kawai, har kai sai an sauya. A Babbar Kotu mai ƙara shi ne shaidan farko a shari'arsa, ya rantse ya ba da labari a yi masa tambayoyi. A mazhabar Malikiyya maganar mai da'awa da'awa ce, ba shaida ba, sai ya kawo waɗanda za su tabbatar, kuma a sha'anin dukiya shaida ɗaya da rantsuwarsa suna iya wadatarwa. Akwai hauzi: baƙon da ya shekara goma yana noma gona, mai ita yana gari yana kallo bai ce uffan ba, da'awar mai gonar ta raunana. Akwai i'izari, tambayar ƙarshe da alƙali yake yi wa wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana, wadda in aka tsallake ta hukuncin yana iya rushewa a sama. Na taɓa zama a wata kotu ina kallon wani matashin lauya, ga kwat ga Turanci, yana ta kawo hukunce-hukuncen Ingila a shari'ar gado. Alƙali ya bar shi ya gama, sannan ya tambaye shi cikin natsuwa ko yana da nassi. Yaron ya juya yana duban magatakarda. Tsohuwar da ta ɗauke shi kuwa tana zaune a baya tana gyaɗa kai, ta ɗauka suna cin nasara.

Kishiyar wannan ita ce shari'ar Amina Lawal, wadda aka tuhuma da yin ciki ba aure. Lauyoyinta, ƙarƙashin jagorancin Aliyu Musa Yawuri tare da Hauwa Ibrahim, ba su je Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta Katsina don su yi faɗa da shari'a ba, duk da surutun da duniya take yi a lokacin. Daga cikin fiƙihun Malikiyya suka yi jayayya: haƙƙin janye iƙirari, da kurakuran da aka yi wajen zaman kotun farko, da mas'alar kwantaccen ciki, wanda malamai suka ce yana iya kaiwa shekara biyar, don haka ana iya jingina shi ga tsohon miji. A ranar 25 ga Satumba 2003 alƙalai huɗu cikin biyar suka sallame ta. Ba a cin irin wannan shari'a da karatun dare ɗaya.

To, ga inda gizo ke saƙar. Doka tana ƙara faɗi, kwanyar mutum kuwa tana nan yadda take. Dokar Shaida ta 2011 ta zo da sharuɗɗan karɓar abin da ya fito daga kwamfuta, kuma saƙon waya da ba a cika masa sharaɗin sashe na 84 ba yana iya zama kamar babu shi. Dokar kamfanoni ta sake sabon zubi a 2020. Shari'ar zaɓe kuwa agogo ce: kwana 21 na shigar da ƙara, kwana 180 na yanke hukunci, kwana 60 na kammala ɗaukaka ƙara, kuma ba alƙalin da ya isa ya ƙara yini ɗaya. Ko sa hannu yana kashe shari'a, domin a hukuncin Okafor da Nweke na 2007 Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya. Mutumin da yake da shari'a uku a kotu uku da ƙarfe tara na safe, dole biyu su jira. Daga nan ake samun aika ƙaramin lauya ya nemi a ɗage zama, a ɗage, a sake ɗagewa, mai ƙara yana ta biyan kuɗin mota daga ƙauye. Jama'a suna zagin alƙalai a kan jinkirin shari'a, amma wani kaso na laifin yana cikin littafin alƙawuran lauya. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Kwaɗayin da na ambata ma yana da tushe. Ƙaramin lauya a ofishin wani sau da yawa albashinsa bai isa kuɗin haya da mai ba, shi ya sa wasu suke yini a bakin kotun majistare suna jiran motar gidan yari, har aka yi musu laƙabin 'yan caji-an-bel. Wanda yake cikin wannan hali, in aka kawo masa shari'ar haraji ba zai ce bai iya ba. Alhali ƙa'idojin sana'ar sun faɗa ƙarara cewa lauya kada ya riƙe aikin da ya san ya fi ƙarfinsa sai ya haɗa kai da wanda ya iya. Manyan ofisoshin Legas da Abuja sun warware matsalar ta hanyar raba sassa, kowane fage da mutanensa. A Gusau ko Azare ko Birnin Kudu kasuwar ba ta kai a yi haka ba, kuma ba na jin za ta kai nan kusa.

Hukuncina a kan wannan al'ada shi ne ta dace da ƙasar da take ciki, kuma talaka ya fi kowa cin moriyarta. Aibinta yana wurin lauyan da yake jin kunyar cewa "wannan ba fagena ba ne, zo in haɗa ka da wane." Tsofaffin da na ga sun daɗe da mutuncinsu a wannan aiki duk suna faɗin haka, kuma ban ga ya rage musu masu zuwa ba.

Mai karatu, in wata rana shari'a ta same ka, kada hula da riga su ruɗe ka. Kafin ka biya ko sisi, tambayi Barista wace kotu ce take da hurumin maganarka, kuma sau nawa shi da kansa ya taɓa tsayawa a cikinta.