Kalmomin masana da na fatake cikin littattafan sassaƙar hauren giwa

Duk wanda ya karanta littattafan Faransanci a kan sassaƙar hauren giwa zai tarar da kalmomi iri biyu cikin shafi guda: na masana da na fatake. Aibin littattafan shi ne ba su faye rarrabe su ba, mai fassara zuwa Hausa kuwa shi ke kwana ciki.

Kalmar masana iyakarta a fili take. Dentine ita ce jikin haƙori, wato ainihin hauren. Lignes de Schreger su ne zane-zanen da ke gitta juna idan an datse haure. Sunan Bernhard Schreger suka ci, Bajamushen da ya bayyana su a 1800, da su kuma ake bambanta hauren giwa da haƙorin dorina.

Kalmar fatake kuwa daraja take aunawa. Morfil haure ne da ba a sassaƙa ba. Ivoire vert ba tsanwa ba ne, ɗanyen haure ne wanda bai bushe ba. Ivoire doux na giwar fili ne, musamman ta gabashin Afirka, ivoire dur kuma na giwar kurmi. Wanda ya fassara doux da "mai taushi" ya ɓad da mai karatu, domin sauƙin sassaƙa ake nufi.

Akwai kuma giɓi babba. A 1959 William Fagg ya raɗa wa wasu kayan ƙarni na 15 da na 16 sunan "Afirka da Fotugal", littattafan kuma suna kiran su salière da oliphant, sunayen mai saye ke nan. Kalmomin masassaƙa, irin ƴan Igbesanmwan na birnin Benin, ba safai suke fitowa ba.

Saboda haka muna ba masu tsara ƙamus da littattafan yaƙi da jahilci shawara su nuna asalin kowace kalma: ta masani ce, ta falke, ko ta masassaƙi. Hausa tana da gizago, zarto da magagari, ba sai an ara ba. A ƙarni na 19 Hausawa sun yi fataucin haure daga Adamawa, ayari kuma ya bi da shi ta Damagaram zuwa Tarabulus. Yarjejeniyar CITES ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989. Ya kamata a bi gidajen tsofaffin fatake a tattara abin da ya rage na kalmominsu tun ba su ɓace ba.