Ɗigon Ruwan Da Ya Maƙale A Ƙasan Kwalba

Wata Litinin da hantsi na leƙa ɗakin wanke-wanke na lab ɗinmu, sai na tarar da ɗaya daga cikin ɗaliban da aka turo mana koyon aiki ta naɗe tishu a jikin fensir tana cusawa cikin kwalbar gwaji. Kusa da ita abokin karatunta ya kafa baki a tasa kwalbar yana hurawa kamar mai busa sarewa. Na ce, "Ke 'yar nan, me ake yi haka?" Ta ce, "Malam, busarwa muke yi, an ce ƙarfe goma sha ɗaya ake son kwalaben." Na karɓi kwalbar na ɗaga ta saitin taga. Ruwan kam ya tafi, amma ga zare-zaren tishu nan sun manne a jikin gilas kamar an barbaɗa gari. Ta yaron kuwa gumi ta yi daga ciki, domin numfashin ɗan Adam cike yake da danshi. Ya kori ɗigo ɗaya, ya zuba raɓa.

Ban yi musu faɗa ba, don ban ga laifinsu ba. Sun taso ne a zamanin roba, zamanin yage leda, a yi aiki, a jefa a kwandon shara. Yawancinsu sun kai shekarar ƙarshe a makaranta ba wanda ya taɓa tsayawa a kansu ya nuna musu yadda ake wanke gilas, balle yadda ake busar da shi. Mu da muka fara aiki a hannun tsofaffin ma'aikata, watanninmu na farko a bakin famfo muka yi su, da buroshi da omo, sai da hannuwanmu suka yi fari fat kafin a bar mu mu taɓa madubin duba ƙwayoyin cuta. A lokacin muna ganin mugunta ce. Yanzu na gane darasin farko ake koya mana.

Wannan sauyi daga gilas zuwa roba bai zo dare ɗaya ba. Kwalbar nan mai zuƙo jini da kanta, Vacutainer, ta fito ne a Amurka a ƙarshen shekarun 1940, da farko da gilas, daga baya aka mayar da akasarinta roba. A 1963 kamfanin Eppendorf na birnin Hambog a Jamus ya fito da 'yar mitsitsiyar kwalbar roba mai murfi a jiki, wadda yau babu lab ɗin da ba za ka tsince ta ba. Kuma gaskiya roba ta yi rana. Duk wanda ya san irin ɓarnar da ciwon hanta da ƙanjamau suke yi ba zai so a koma zamanin da ma'aikaci ke tsoma hannu cikin baho cike da kwalaben jinin mutane yana gogewa, wata ta fashe ta yanke shi ba. A wajen ɗibar jini ina bayan roba ɗari bisa ɗari: a ɗiba sau ɗaya, a jefar. Damuwata ita ce sauran aikin, wanda har gobe da gilas ake yin sa a makarantu da ƙananan asibitoci da ɗakunan binciken sinadarai, alhali masu riƙe gilas ɗin sun daina sanin halinsa.

Wani zai ce ɗigon ruwa kuma har wani abu ne? Mu yi lissafi. Ɗigo ashirin ne ke cika kusan mililita ɗaya. Ke nan idan ɗigo guda ya maƙale a ƙasan kwalba, ka zuba samfur mililita ɗaya a kai, ka tsarma shi da kusan kashi 5 cikin 100 tun kafin ka kunna wata na'ura. Idan jini ne abin ya fi muni. Jajayen ƙwayoyin jini in suka gamu da zallar ruwa sai su tsotse shi su kumbura su fashe, ruwan jinin ya yi ja-ja, sinadarin fotasiyam da ke cikinsu ya fito waje. Sakamako ya nuna fotasiyam ya hau, likita ya tada hankali a kan abin da babu shi a jikin majinyaci. Mai sayar da man gyaɗa a kasuwa ta san wannan ka'ida ba tare da ta shiga aji ba. Ba za ta taɓa ɗura mai a jiƙaƙƙiyar kwalba ba.

To me ya sa kwalbar gwaji take da taurin bushewa, alhali faranti minti kaɗan ya ishe shi? Siffarta ce. Ɗauki wadda muka fi amfani da ita, faɗinta milimita 16, tsawonta 150. Baki ƙarami, ciki mai zurfi, ƙasa a toshe. Iskar da ke ciki tana ƙoshi da tururi nan da nan, kuma ba ta da hanyar fita, don haka ruwan da ya rage sai ya zauna abinsa. Duk wani kayan busarwa da aka ƙirƙiro, ɗayan abu uku yake yi: ko ya tsiyaye ruwan, ko ya sauya iskar da ke ciki, ko ya zafafa gilas. Wanda ya fahimci wannan zai iya auna kowace dabara da kansa.

Mafi tsufa a cikinsu shi ne allon nan mai turaku da ake kafawa a bango saman wurin wanki, a kife kwalabe a kai su tsane, yadda uwar gida ke kife ƙwarya bayan wanke-wanke. Ba ya cin wuta, ba ya lalacewa, kuma har yau ban ga abin da ya kai shi amana ba, muddin ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa aka yi ta, sau uku. Nan ne da yawa suke faɗuwa. Ruwan burtsatse in ya bushe yakan bar farin tabo, wato gishirin da ke cikinsa, kuma babu na'urar da za ta cire wannan tabo, sai ma ta ƙara gasa shi a jikin gilas. Tsohon da ya koya mini aiki yakan ɗaga kwalba bayan ɗauraya ya ce, "Duba nan, yaro. In ruwa ya shimfiɗu ya gangara sumul, ta wanku. In ya tsaya ɗigo-ɗigo, akwai maiƙo, koma famfo." Kwalbar da ta wanku da kyau ita ce mai saurin tsanewa, don haka rabin busarwa a wajen wanki ake gama shi.

Sai obin, wanda ake saitawa tsakanin digiri 105 zuwa 120 a ma'aunin Salshiyas. Gilas ɗin lab yana jure wannan zafi ne saboda irinsa daban ne, mai sinadarin boron, wanda Otto Schott ya inganta a garin Jena na Jamus a ƙarshen ƙarni na 19, kamfanin Corning na Amurka kuma ya fito da nasa da sunan Pyrex a 1915. Amma obin ma yana da iyaka. Roba ba ta shiga. Kayan awo irin su buret da fifet, waɗanda galibi a digiri 20 aka daidaita zanen ma'auninsu, tun fil azal ka'idar masu aiki ita ce a bar su su sha iska. Kuma busarwa daban, kashe ƙwayoyin cuta daban: wannan na biyun yana son digiri 160 na awa biyu cur. Na sha ganin an ciro kwalba daga obin bayan minti ashirin ana cewa ta tsarkaka.

Na'urar da nake ganin ta fi dacewa da siffar kwalbar gwaji ita ce mai 'yan bututu a tsaye jere, a kifa kowace kwalba a kan bututunta, iska mai ɗumi da ta bi ta matata ta buga har can ƙarshen kwalbar ta koro danshin waje. Wannan ta kama matsalar daga tushe. Aibinta biyu ne a wurinmu: tsada, da kuma wutar da ke iya ɗaukewa ana tsakiyar aiki. Shi ya sa mutane suke kwaikwayonta da abin da ya samu. Wani ya ɗauko dirayar gashi, wadda ke kwaso ƙurar ɗaki ta watsa cikin kwalba. Wani ya jawo tiyo daga kwamfireso irin na masu faci, ya manta iskarsa tana tafe da ɓurɓushin mai da danshin da ya taru a tanki. Wani kuma ya shanya a taga lokacin hunturu, yana murnar iskar ta bushe ƙarau. Ta bushe kam, amma duk wanda ya taɓa share tebur a Kano a watan Janairu ya san abin da take ɗauke da shi.

Sabon yayin da ya fi damuna shi ne na ɗauraye kwalba da sinadarin asiton. Yanzu ya zama kamar ruwan alwala a wasu ɗakunan gwaji: kowace kwalba sai an watsa mata. Dalilin a fili yake. Asiton yana gauraya da ruwa, kuma a digiri 56 yake tafasa, don haka ya kwashe ruwan ya ɓace cikin minti ɗaya. Ni ma ina amfani da shi ranar da ta kama. Sai dai wanda ya mayar da shi ɗabi'a bai san abin da yake saye ba. Asiton ɗin wanki mai araha yakan narko maiƙo da tawadar maka, ya tafi ya bar su a jikin gilas. Saurin tashinsa yana sanyaya kwalba, da damina sai raɓa ta sake sauka a kanta. Yana ɓata wasu robobi. Uwa uba yana kama wuta kamar fetur. Jefa kwalba mai ɗanyen asiton cikin obin mai zafi neman gobara ne da hannu. Masu aiki da na'urar tantance sinadarai ta NMR, waɗanda siraran kwalabensu faɗin milimita 5 ne kacal, sun san shi farin sani: sai an ɗauka ya tafi, ya ɓullo a sakamako kamar baƙon da ba a gayyata ba.

Abin da ya ɓace mana, a ganina, ya wuce na'ura. Sanin irin bushewar da kowane aiki yake so ne. Wani aikin ba ya son komai. Ɗalibin sakandare da ke shirin gwajin kimistiri na WAEC yakan ɓata lokaci yana ƙoƙarin busar da kwalbar da zai ɗiga asid a ciki, alhali 'yan ɗigon tataccen ruwa ba sa ƙara ko rage yawan sinadarin da ya riga ya auna ya zuba. Buret ɗinsa kuma ɗauraya take so da ruwan sinadarin da za ta ɗauka, shi ke nan. Wani aikin bushewar ido ta ishe shi, allo ko obin. Wani kuwa ko abin da ido ba ya gani sai an kore shi, domin gilas yana riƙe wani siririn lulluɓin danshi a fatarsa ko da ya yi ƙayau. Haɗin nan da Bafaranshe Victor Grignard ya gano a 1900, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1912, danshi kaɗan ke kashe shi. Masu yin sa sukan kwanar da gilas a obin, ko su gasa shi da harshen wuta, sannan su bar shi ya huce cikin desiketa, wato mazubin da ke tare danshi, inda silika jel mai launin shuɗi ke komawa ruwan hoda in ta ƙoshi da ruwa. Wanda bai san waɗannan matakai uku ba, ko ya wahalar da kansa a banza, ko ya ɓata aiki yana ganin ya kyauta.

Masu cewa roba ta raba gardama su ma su dakata. A 2008 wasu masu bincike a Jami'ar Albata ta Kanada suka wallafa a mujallar Science cewa wasu sinadarai suna tsattsafowa daga kayan robar lab su gurɓata sakamako. A 2015 wasu a Jami'ar Ekzita ta Ingila suka ƙiyasta a mujallar Nature cewa ɗakunan binciken halittu na duniya sun zubar da sharar roba kimanin tan miliyan 5.5 a shekarar 2014 kaɗai. Lokacin korona kuma manyan lab-lab na Turai da Amurka da kansu sai da suka yi ta neman kan fifet na roba ido rufe. Mu da muke sayen kayan da dala, sharar kuma ta ƙare a ramin ƙona shara bayan gini, mun fi kowa bukatar riƙe gilas da sanin yadda ake kula da shi.

In da za a ba ni kuɗi a ce in saya wa ƙaramin lab kayan busarwa, ba da na'ura zan fara ba. Zan sayi allon turaku mai kyau, da akwati mai murfi da zai tare ƙura, da injin tace ruwa, sannan sauran kuɗin in ninka yawan kwalaben. Duk wata muguwar dabara da na lissafa, tishu da hurawa da diraya da wankan asiton, uwarsu ɗaya ce: kwalabe ashirin ne a ɗaki, kuma ana son su yanzu-yanzu. In akwai arba'in, na yau suna aiki, na jiya suna kife suna tsanewa, ba wanda zai ɗauko fensir. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ran nan dai ƙarfe goma sha ɗaya ta wuce mu. Na sa suka sake wanke kwalaben daga farko, suka ɗauraye sau uku, suka kife, na aro musu wasu busassu daga ɗakin da ke maƙwabtaka da mu. Washegari da safe na ga yarinyar ta riga kowa zuwa. Ta zare kwalba ɗaya daga kan turke, ta ɗaga ta saitin taga, ta juya ta a hankali, sannan ta ce, "Malam, wannan ta yi. Waccan ta ƙarshe kuwa akwai tabo, bari in mayar da ita famfo."